Wuƙar Takaba

Zuwa ga Inna, a Matankari,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ƙafarki ta yi sauƙi. A shafa mini kan ɗana Luƙman.

Na iso Tamanrasat, ina wanki a wani gida. Lafiya lau, sai dai gajiya.

Inna, kin tuna ƙaramar wuƙar da kika ba ni lokacin takabar Abdulhakim, kika ce tana korar iskoki? A hanya direbanmu ya ce in dawo gaba, wai baya akwai ƙura. Da hannunsa ya kai cinyata na ce, "Malam, mijina bai shekara da rasuwa ba." Ya yi dariya ya ce, "To, ai ba mai hanawa ke nan." Sai da na zaro wuƙar ya janye. Kwana uku ban sake ta ba. Ke kaɗai na gaya wa.

Na ji ƙanwata Bushira na haɗa kaya za ta biyo ni. Don Allah ki hana ta, ki ce mata babu aiki. Wuƙar guda ce, Inna, kuma har yau ina buƙatarta.

Allah ya bar mana ke.

Ɗiyarki,
Hasiya