Masar Ta Fi Kusa

Kafanchan,
Talata.

Yaya Meshak,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙafar Mama, yaya aikin citta? Na rubuto na ba direban motar Zangon Kataf ne, don in na kira ka a waya zan faɗi abin da bai kamata ƙanwa ta faɗa wa yayanta ba.

Labari ya iske ni cewa ran Lahadi bayan sujada kun zauna taron gida a kaina, ba a kira ni ba, har kun yanke cewa Masar za a kai ni tiyatar rage ciki saboda ƙiba. Sannunku da ƙoƙari. Abu ɗaya na roƙe ka: asibitin da na zaɓa a Indiya ba ya karɓar mutum shi kaɗai, sai da ɗan'uwa, kai kuma kana da fasfo tun da ka je ziyarar Urushalima. Rakiya na nema, ban ce ka zaɓa mini ƙasa ba.

Na riga na yi nawa binciken. Turkiyya akwai sauri, amma kafin ɗinki ya kama sun sallame ka, shi ya sa na bar su. Likitan Indiya ya ga duk gwaje-gwajena, mun yi magana ta waya ina ganinsa yana ganina, kuma likitana na Jos a hannunsa ya koyi aiki, shi zai ci gaba da duba ni in na dawo. A Masar wa ka sani? Na tambayi matarka dalili, sai kame-kame take yi, wai ta fi kusa. Kusa da me? Ka ba ni amsa a rubuce.

Ka gaida Mama da yara.
Ƙanwarka,
Hellen.

Zangon Kataf,
Jumma'a.

Ƙanwata Hellen,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Muna nan lafiya, citta ta yi kyau bana. Na ga wasiƙarki, na kuma ga zafin da ke cikinta.

Tun da kin tambaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin san ƙa'idar gidanmu: ɗan gidan nan ba ya kwana a ƙasar baƙi. Ko wanda ya rasu a Legas sai da muka ɗauko shi muka binne a bayan gida kusa da iyayensa. Baba ya bar mini wannan amana, ni ne babba. Tiyata kuwa tiyata ce, ana shiga a fito, wani lokaci kuma ba a fitowa. Don haka na je wurin wani mai sayar da tikitin jirgi a Kaduna, na tambaye shi ƙasar da ta fi sauƙin dawo da gawa. Ya ce daga Masar jirgi ɗaya ne, daga Indiya kuwa sai an sauya jirgi, ga takardu barkatai. Dattawa suka ji, suka amince. Kawu Azariya har ya nuna wuri ta gefen Baba, don kada a rikice in abin ya zo. Kada ki manta, Masar ƙasa ce da ta ɓoye Ubangijinmu yana jariri.

Ni a ganina ma ƙiba ba ciwo ba ce, duk matan gidanmu haka Allah ya yi su. Amma in kin nace, Masar zan raka ki. Indiya ba da ni ba.

Allah ya ba ki haƙuri da hikima.
Yayanki,
Meshak.

Kafanchan,
Litinin.

Yaya Meshak,

Ina gaishe ka don tarbiyyar Mama, ba don raina yana so ba.

Ashe kabari kuka zauna kuka auna mini! Maza cike da ɗaki, har da dattijon coci, ba wanda ya tambayi sunan likita, ba wanda ya tambayi mutum nawa ya yi wa aiki suka tashi. Kai da ba ka taɓa zuwa Kafanchan ka raka ni asibiti ba, ka iya hawa mota har Kaduna don ka ji yadda ake saka ni a akwati. Na karanta wasiƙarka a ofishin malamai, sai da na fita bayan aji na yi kuka, kukan haushi.

Ka ce ƙiba ba ciwo ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An sauko mini da ajina ƙasa don gwiwata ta ƙi hawa bene. Masu keke in sun hango ni a bakin kasuwa sai su kau da kai. Suga ya hau, yatsun ƙafata biyu ba na jin su, likita ya ce in aka ci gaba a haka yanka zai biyo baya. Matan gidanmu da kake yabo, wacce a cikin gwaggonninmu ta ga jikokinta? Duk suna nan a bayan gida, a jere, kusa yadda kake so.

To, ka saurara. Indiya zan tafi, ƙarshen wata mai zuwa. Patricia, nas ɗin nan ta Zumuntar Matanmu da ta yi ritaya, ta ce za ta raka ni, asibitin kuma ya yarda. Na gaya mata a gaban fasto: in ban tashi ba, a binne ni a can, kada a wahalar da kowa da sauya jirgi. Ƙasar Indiya ma ta Ubangiji ce. Ni rai nake nema, ku kuna neman gawa, sai kowa ya kama hanyarsa.

Ka karanta wa Mama wannan duka, kada ka tsallake layi ko ɗaya.
Hellen.

Zangon Kataf,
Alhamis.

Hellen,

Gaisuwa. Na karanta wa Mama, ban tsallake komai ba. Ta sa aka kira Kawu Azariya, ta wanke mu tas a gaban yara. Ta ce da irin Hausarta, "Ni ina nan da rai kuna raba wurin kwana na? Gefen miji na nawa ne. Hellen ya tafi inda za a gyara shi, ya dawo da ƙafan shi ya binne ni."

Har yanzu ban yarda da Indiya ba, maganar da kika yi a gaban fasto kuma ta ƙona mini rai, ban san ranar da zan huce ba. Amma ran Litinin ina zuwa Kafanchan da fasfona, ki nuna mini yadda ake neman biza. Ki ce wa Patricia mun gode. In kin farka, fuskata za ki fara gani, ki ci gaba da faɗan daga inda kika tsaya. In kuma ba ki farka ba, ba baƙuwa ce za ta rufe miki ido ba.

Ubangiji ya kiyaye ki.
Yayanki,
Meshak.