Baƙin Dutsen Rijiyarki

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Adisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan makwancinki na da sanyi da yalwa.

Mma, baƙi sun zo gidanmu na Salaga da babbar mota mai injin haƙa. Suna so su huda ƙasa gefen rijiyarki, wadda duk unguwa ke sha tun shekarar fari. Yaya Issaka ya aiko daga Bawku cewa a bar su. Ni kuwa na baro ajina a Yendi don in ji da kunnena.

Shugabansu ya ce dutse kawai suke nema. Wai ƙanƙara ta taɓa rufe duniya, ta narke, ta sake rufewa, kuma a tsakanin nan garinmu teku ne. Ruwan can ƙasa ba iska a cikinsa sai farar wuta, don haka ƙananan halittun da suka mutu suka nutse ba su ruɓe ba. Laka ta binne su, suka zama baƙin dutse. Irin abin da nake zumuɗin koya wa ɗalibaina, ashe yana ƙarƙashin inda kike tara doya.

Amma na san a irin wannan dutse ake neman man fetur. Kuma tambayarsu ta fi yawa a kan iyakar fili da wanda ya gaje shi.

Na tuna ranar yasar rijiya. Kina tsaye a baki, gyale ɗaure a ƙugu. Da guga ya fara fito da baƙin ɓarɓashi sai ki ce, "Ku tsaya nan, in kun wuce ruwan zai yi warin ruɓaɓɓen ƙwai." Manyan gutsattsarin kika jera ƙarƙashin randa.

Su na kwaso wa baƙin cike da kwano. Shugaban nasu ya juya ɗaya a hannu, ya ce sai wanda injinsu ya ciro. Wataƙila gaskiyarsa ce, masu bincike na son sanin zurfin da abu ya fito. Amma da na tambaye shi wa zai ba unguwa ruwa in rijiyar ta ɓaci, sai ya dubi direbansa.

Na ce a'a, Mma. Yaya na fushi da ni har yau.

Duwatsun suna ajina yanzu, yara na shafawa suna sunsunawa, suna ta gardamar ko Salaga ta taɓa ganin ƙanƙara. Kafin in taho na ja guga ɗaya na sha. Garɗin da kika bari yana nan.

Allah Ya jiƙanki, Ya shayar da ke ruwan Alkausara.

'Yarki mai kewarki,
Fuseina