Kwanon Inna

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yaran. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya ji ƙan Inna.

Ni lafiya lau nake, kada ki damu. A gidan abincin da nake aiki an mayar da ni ɓangaren turara kayan lambu, karas da kabeji da koren wake. Tsayuwar ce dai da yawa, amma da sauƙi.

Kin tuna lokacin da likita ya hana Inna gishiri da mai? Ni nake turara mata kabeji, ta tauna, ta ture kwanon ta ce, "Auta, ni akuya ce?"

To, Yaya, babban kukunmu ya koya mini sirrin turarawa. Citta da tafarnuwa ake jefawa cikin ruwan, a sauke tun ganyen yana kore shar, a matsa lemun tsami. Ko gishiri ba ya nema. Ranar da na fara ɗanɗanawa, sai da na fita waje.

Tun daga ranar, duk lokacin da na ɗaga murfi tururi ya rufe mini fuska, sai in ji kamar tana zaune a bayana tana jira. Ba na waiwayawa. Nakan zuba kaɗan a kwano in ajiye gefe, kuku yana zaton nawa ne.

Ki gaida Kawu. Don Allah, bayan tafiyata wa ya riƙa turara mata? Tana cinyewa? Ko ba haka ba ne, ki ce mini e.

Ƙanwarki,
Auta