Masarar da Mama ta ɗaure wa ƙyalle

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Kullum kuna cikin addu'armu ta safe. Baba ba ya tsallake kowa, har jaririyar da bai taɓa gani ba sai ya ambace ta, wai ita ce amaryarsa. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki bayan haihuwar nan mai wuya. Don Allah ki daina damun kanki kan rashin zuwa jana'izar Mama, kowa ya san likita ne ya hana ki tafiya. Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Idan na kira ki kuka ba zai bar ni in kai ƙarshen magana ba, kuma kin san kunnen Baba, abin da ba a so ya ji shi yake fara ji.

Mu dai muna nan cikin alherin Allah. Gwaggo ta koma gidanta, ta bar ni da Baba da kaji tara. Na nemi canjin wurin aiki zuwa ƙaramin asibitin nan na kusa, an kuma ba ni, don haka na dawo gida ke nan. Za ki yi dariya idan kin ga ƙanwarki, wadda kike cewa ko barkono ta shuka sai ya yi fushi ya mutu. A wata biyar ɗin nan na sa an gyara indararon bayan ɗaki ya riƙa zuba cikin ganga, na toshe ɓarakar kejin kaji da hannuna, kafinta kuma ya yi wa Baba benci mai majingina a gindin mangwaro saboda gwiwarsa. Gida ya yi kyau, Yaya, amma akwai abin da na ɓata wanda guduma da ƙusa ba za su gyara ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san masarar Mama, farar nan mai ɗigon ja, wadda ta zo da irinta daga hannun kakarmu lokacin aurenta. Shekara arba'in da 'yan kai ba ta taɓa sayen iri ba. Ke da kika tashi a gindinta kin san yadda take yi: tun masara na kan kara take zagawa ta zaɓi manya masu cikar baki, ta yagi tsohon zane ta ɗaure musu, ba mai taɓa su sai sun bushe ta rataye a saman murhu. Ni fa ban sani ba. Ina ƙarama aka kai ni makarantar kwana, daga nan sai birni, masara a faranti kawai na san ta. Ashe Mama ta yi ɗaurinta na bana kwana biyu kafin ciwon ya kayar da ita. A kwanakin makoki, hankalin kowa na cikin gida, awakin maƙwabta suka ture shinge suka yi wa lambun kaca-kaca. Abin da ya tsira bai wuce kara ashirin ba, a kusurwar rijiya.

Ranar Asabar ta gaba mazan coci suka zo gyaran shingen, su shida, har da kafinta da dattijon coci. Tun sanyin safiya suke haƙa rami suna kafa itace, rana ta take ba su sa komai a baki ba. Na ce ba za a yi wannan abin kunya a gidan Mama ba. Na shiga lambu na ga masara ƙosasshiya da ƙyallaye suna lilo, na ce a raina dabarar korar tsuntsaye ce, har na yaba wa Mama wayo. Na karye su kaf, masu ƙyalle da marasa shi, na ɓare na cika tukunya. Sun ɗan fara tauri, sai na ƙara musu wuta. Mutane suka ci suna santi, kafinta har yana cewa da ya san da wannan, da shi zai riƙa buɗe wa awakin hanya. Baba ne ya yi addu'ar abinci, kuma ya cinye guda biyu tas, shi da tun rasuwar sai an yi ta lallashi yake kai loma uku. Ranar nan daɗi kamar ya kashe ni, ina ganin na yi abin kai.

Washegari bayan sujada matar fasto ta rako ni gida. Kin san amincinsu da Mama. Ta shiga kicin shan ruwa, ta ga ƙyallayen cikin ɓawon masara a gefen murhu, sai ta nemi wuri ta zauna. Ta tambaye ni a hankali ina na ajiye masarar iri. A bakinta na ji abin da na aikata. Yaya, na duba saman murhu, na zazzage kowane gwangwani da ƙullin leda a ɗakin Mama, abin da na samu ɗan ragowar bara ne da ƙwari suka mayar gari. Na bi gidajen da ta taɓa ba iri. Wasu sun koma sayen na kasuwa, wasu nasu ya gauraye da wata masarar har ba a gane shi. Abin da mata biyu suka riƙe fiye da shekara sittin, ni na dafa shi a wuni ɗaya.

Na yi makonni ban iya haɗa ido da Baba ba. Ina durƙusawa addu'a bakina ya yi nauyi. Ba zan ɓoye miki ba, har fushi na yi da Allah, ina cewa shi da ya ga hannuna ya nufi karan nan, me ya hana ko kunama ce ta harbe ni. Daga baya na gane kunya ce ke cina, kuma ɓoyon da nake yi ya fi ɓarnar muni. Wata safiya bayan mun yi addu'a na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, ina jiran faɗa, don da ya yi faɗan ma da na ji sauƙi.

Sai ya ce ai ya sani. Wai tun da na shigo da tire ya ga girmansu gabansa ya faɗi, amma tukunya ta riga ta gama aikinta, magana ba za ta mayar da su kan kara ba. Ya ce ya ci biyu ne don kada baƙi su ga canji a fuskarsa in ji kunya a gabansu, kuma don ya san wannan ne abinci na ƙarshe da zai ci daga hannun matarsa. Ya ce da Mama na nan da ta yi mini faɗan kwana uku, a na huɗu ta ba kowa labari tana dariya, domin ita ma ba ta taɓa barin mai aiki ya fita gidanta da yunwa ba. Ya ɗora hannu a kaina ya ce Ubangiji ya yafe masa abin da ya fi wannan, shi wane ne da zai riƙe 'yarsa. Na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza.

Ya yafe da gaske, ban taɓa jin ya sake tayar da zancen ba. Amma tun ranar gyaran shingen ya yi watanni bai ƙara taka lambun ba. Yana zaune a benci ya juya masa baya, wandunansa duk sun yi masa yawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na auna duk abin da ake aunawa, ban ga ciwo ba. Mutum ne kawai da ba shi da abin da yake jira idan damina ta zo, kuma tsoro nake ji, Yaya.

Ga roƙona. Makon jiya matar fasto ta tuna cewa zuwanki na shekara biyu da suka wuce Mama ta ƙulle miki irin nan a takarda ta cusa a jakarki, kina dariya kina cewa a bene kike zaune, sai dai ki shuka a kan tabarma. Don Allah ki duba. Ki duba jakar, ki duba akwati, ki duba bayan kwanukan da ba kya taɓawa, na san halinki na rashin zubar da kaya. Ko ƙwaya goma ce ta isa. Dattijon coci ya ce irin shekara biyu yana iya tsirowa idan bai sha danshi ba, ya kuma yi alkawarin nuna mini yadda zan nisanta ta da masarar maƙwabta don kada ta gauraye. Idan kin samu, ki sa a ƙaramar kwalba ki toshe da kyau, ki ba Dogo direba da zai zo ƙarshen wata. Saura kamar wata biyu ruwa ya sauka.

Na so in ɓoye wa Baba sai na ji daga gare ki, amma bakina ya kufce shekaranjiya. Jiya da safe na fito na tarar ya ɗauki fartanya ya shiga lambu, yana tayar da kunyar shuka ɗaya a kusurwar rijiya, a ƙasar da ta bushe ƙamas. Sau uku yana zama ya huta, na zo karɓa ya hana ni. Da ya gama ya wanke hannu ya ce a zubo masa abinci. Kunyar tana nan ba komai a cikinta, yau ma ya je ya tsaya a kanta. Idan babu irin, ki faɗa mini gaskiya ni kaɗai, zan roƙi Allah ya ba ni bakin da zan gaya masa.

Ki gaida maigidanki, ki ce muna godiya da yadda yake kula da ke. Ki gaida 'yan biyu da amaryar Baba, da surukarki da ta zo taya ki zama. Gwaggo da Kawu da matar fasto duk suna gaishe ku. Salamar Ubangiji ta kasance tare da gidanku.

Ni ce ƙanwarki mai jiran amsa,
Auta