Na Tafi Yi wa Diep Rajista

Baban Diep,

Na ga ka gaji, shi ya sa ban tashe ka ba. Na ɗauki babur, mun tafi da Diep makarantar nan ta bayan kasuwa, mai koyarwa da Biyetnamanci da Turanci. Gurbi ɗaya ya rage a aji ɗaya, kuma yau ake rufewa.

Na san ka fi son mai Turanci zalla. Amma jiya da ba ka nan mahaifiyarka ta kira daga garin Hue. Ta ce, "Jikalle, me kika ci yau?" Diep ta nemi sunan kifi a harshenmu ta rasa, sai ta zuba mata Turanci. Mama ta yi dariya ta ce, "To Baturiya, ba ni uwarki."

Turanci za ta iya shi, kada ka damu. Ni dai ba zan zama tafinta tsakanin 'yata da kakarta ba.

Ka biyo ni da takardar haihuwarta kafin sha ɗaya, tana cikin durowarka. In faɗa ne, ma yi shi bayan na sa hannu.

Tuyet