Rantsuwar Haladu Tela

Agege, Ikko
2 ga Yuli, 1979

Zuwa ga maiɗakina Barakatu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya jikin Inna? Ƙafar tana barinta ta fito tsakar gida kuwa? Ki ce mata ɗanta Haladu yana neman albarka. Ki shafa min kan yara. Yaya damina? A nan ruwa ba ya ɗaukewa, amma bisa kwano da kwata yake ƙarewa, ba ya tayar da ƙamshin ƙasa irin namu.

Maganar zaɓe ce ta sa na rubuto. Bana an ce mata ma za su jefa ƙuri'a. Ki dubi ikon Allah: ni da aka zane saboda siyasa ba ni da ƙuri'a a Kano, ke da ba ki taɓa leƙa wurin lacca ba kina da ita. To, taki ita ce tawa.

Kin san abin da ya raba ni da Wudil, amma bari in tuna miki, don ki je gaban akwati da shi. Tutar 'yan adawa kawai na ɗinka a rumfata. Isyaku, shugaban samarin masu mulki na lokacin, ya tsaya ya ba da shaida cewa na zagi hukuma. Aka kwantar da ni ranar Juma'a a tsakiyar kasuwa, gaban Fulani da masu tukwane, aka yi min bulala. Da na miƙe na dafa Alƙur'ani na rantse ba zan sake taka Wudil ba muddin Isyaku yana da kujera a cikinta. Na ɗauka abin na 'yan watanni ne. Soja suka zo suka share manya, shi kuwa ya wayi gari kansila. Ga mu har yau, sai dai mu haɗu da Sallah a gidan yayanki Labaran a Fagge, kamar masu laifi.

Wannan karon jam'iyyarmu za ta kwashe su duka. Ranar zaɓen majalisar jiha, kada ki tsaya tambayar sunan kowa. Ki nemi hoton makulli ki dangwala masa yatsa. Ko akuya aka tsayar a ƙarƙashinsa, ki dangwala mata. Idan Allah ya yarda, da ni za a yanke geron bana.

Ki gaida maƙwabta. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Haladu

Agege
26 ga Yuli, 1979

Barakatu,

Assalamu alaikum. Barkanku da shan ruwa, yaya ibada? Yaya Inna da jiki? Kada ku bar ta ta matsa wa kanta da azumi. Ni lafiya lau, sai gajiyar ɗinkin Sallah da ya fara shigowa.

Sakamakon ya same mu a teburin Maikano mai shayi, inda 'yan Kano ke taruwa a gaban rediyo. Da aka ce makulli ya kwashe kusan duk kujerun majalisar jiha, ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Mutane suka riƙa ba ni hannu kamar ni na ci. A zuciyata har na hau mota, har na hango gadar Wudil, na ga masunta suna jan koma a ƙasa.

Sai aka fara karanto sunaye mazaɓa-mazaɓa. Da aka zo tamu, aka ce Alhaji Isyaku. Na ce ai masu sunan da yawa. Aka maimaita da sunan mahaifinsa da unguwarsu. Maikano, kin san bakinsa ba ya ajiye magana, ya ce to Malam Haladu, a kwance kayan da aka ɗaure, a je a ba mai gida haƙuri ya ƙara hayar shekara huɗu. Kowa ya yi dariya, har ni.

Washegari Yelwa direba ya miƙo min wasiƙarki, wadda ta kwana biyu a aljihunsa yana gyaran mota a Jebba. Na karanta yadda Isyaku ya sauya sheƙa da jama'arsa zuwa jam'iyyarmu tun kafin a fitar da 'yan takara, da yadda kika yi ta tunanin gaya min kika kasa. Na karanta yadda kika tsaya a rumfar zaɓe da tawada a yatsa har malamar zaɓen ta ce ki yi sauri mata na jira. Kin ce ni na ce ko akuya. Gaskiyarki. Ban ga laifinki ba ko kaɗan. Ni ne na zauna a Ikko ina ba da umarni kan garin da na daina sani.

Abin da ke cin raina shi ne, da can kujerarsa ta gari ce, yanzu ta jiha ce, kuma da ƙuri'ar gidana ya hau ta. Ba zan ce an yi maguɗi ba. Mutane sun zaɓe shi da ransu.

Sai mun haɗu a Fagge da Sallah. Ki yi ƙoƙari a kawo Inna ko a kwance ne.

Naki,
Haladu

Agege
3 ga Satumba, 1979

Zuwa ga Barakatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kun koma gida lafiya, kun sami Inna da sauƙi. Ni ma na iso, bayan mota ta kwana da mu a hanya.

Na rubuto ne in ba ki haƙuri. Abin da na yi a zauren Yaya Labaran bai dace ba. Shi gaskiya ya faɗa: rantsuwa tana da kaffara, Allah bai rufe ƙofa ba. Ni kuma na ɗaga masa murya a gidansa, ranar Sallah, yara suna ji. Ki roƙa min shi gafara.

Ba maganarsa ce ta ƙona ni ba. Tun da na ga kin sauko daga mota ba Inna a bayanki raina ya ɓaci. Wannan ce Sallar farko da ba a iya ɗauko ta ba. Sannan kika ce ta aiko ki ki duba mata ko furfura ta kama ni, domin ko na tsaya a gabanta yanzu sai dai ta shafa. Na ce ki ce mata babu. Ki gyara, ki gaya mata gaskiya: gemu ya tafi, kai ma ya fara.

Kin kuma faɗa min, kina kallon ƙasa, cewa ranar da jikinta ya rikice Isyaku ne ya aiko da motarsa aka kai ta asibiti a Kano, kuma ya zo da kansa ya durƙusa ya gaishe ta. Ban ce komai ba a lokacin. Yanzu zan ce: ya kyauta. Abin da ɗanta bai yi ba ya yi. Allah ya saka masa a kan wannan. Amma bai taɓa cewa ƙarya ya yi min ba, ko a gaban mutum ɗaya.

Kin tambaye ni me nake tsoro. Ba Isyaku ba ne. Ina tsoron in shigo kasuwa tsofaffin da suka ji rantsuwata su ce ashe dama ana iya dawowa. In haka ne, me na yi da shekarun nan? Yara sun girma suna ce min baban Fagge. Ke kin tsufa kina jiran mutumin da yake raye. Idan na karya ta yau, sai in ga kamar ni na ɓarnatar da wannan duka da hannuna, ba shi ba.

Ki bar ni in yi tunani. Ki riƙa shafa mata man zafin da na ba ki safe da yamma.

Mijinki,
Haladu

Agege
14 ga Oktoba, 1979

Maiɗakina Barakatu,

Sallama da gaisuwa. Yaya Inna, yaya yara, yaya aikin kaka? Saƙonki ya zo cewa ta rage cin abinci. Ki dama mata kunun tsamiya, shi ba ta mayar da shi.

Soja sun sauka, farar hula sun hau, kin ji a rediyo. Kin kuma ji sabuwar gwamnatin Kano ta soke haraji da jangali. Abin da muka riƙa faɗa a lacca ana ce mana mahaukata ke nan. Ranar na rufe keken ɗinki na zauna. Na tuna waɗanda muka sha wuya tare da ba su kai yau ba. Na kuma tuna cewa Isyaku yana zaune a majalisar nan cikin masu tafa wa wannan hukunci. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Abin da na nema ya samu, sai dai ba ta hannun da na so ba. Talakan da aka sauke wa kaya bai damu da hannun wa ba, kuma yana da gaskiya.

Na je wurin Malam Dattijo, limaminmu na nan, na zayyana masa komai. Ya ce rantsuwar da ta hana mutum ganin mahaifiyarsa, karya ta ya fi riƙe ta lada. Ya ce in ciyar da miskinai goma ko in tufatar da su. Sannan ya dube ni ya ce bai taɓa ganin telan da ya zauna da keke a gabansa tun zamanin fam da sule yana neman hanyar fita ba, alhali tufatarwa sana'arsa ce.

Na sayo yadi mai kyau, ba ragowar na mutane ba. Na ajiye aikin kowa na ɗinka riguna goma da wandunansu. Shekaranjiya bayan Juma'a na raba su a ƙofar masallaci. Wani tsoho ya gwada tasa ya ce hannun ya yi masa tsawo, wane irin tela ne wannan. Na karɓa na rage masa.

Yelwa zai kawo ragunan layya, ya juyo da mota ba kaya. Da shi zan taho, kafin Babbar Sallah in Allah ya so. Kada a yi taro, kada a kira maroƙa. Idan Isyaku ya zo, a yi masa shimfiɗa a zaure. Zan amsa sallamarsa domin wajibi ce. Abin da ya wuce haka ban yi alkawari ba.

Saura abu ɗaya, kuma ina jin nauyin rubuta shi. Tun da ambaliya ta ci tsohon gidanmu kuka koma Sabon Garin Wudil, sai dai in aiko kuɗi a yi gini, ban taɓa ganin wurin ba. Ki ba Yelwa kwatance a rubuce: daga tasha ina zan bi, wace bishiya ce a kusa, ƙofar wane launi ce. Ba na so in sauka a Wudil in tare wani yaro in tambaye shi ina ne gidan Haladu Tela.

Ki gaya wa Inna yau, kada ki jira. Ki ce ta ci abinci, ina hanya.

Allah ya kai mu lafiya.

Mijinki,
Haladu