Kwanukan da Gwaggo Dije ta riƙe

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya sanyaya makwancinki. Mu nan Kiru lafiya lau. Jikokinki suna makaranta, babansu yana fama da noman rani.

Wani labari zan ba ki, don na san da kina nan ke za ki fara yi mini dariya.

Bayan rasuwarki, mu matan Islamiyyar unguwarmu muka yi shawarar kowacce ta ɗauki tsohuwa ɗaya da ba ta da mai leƙa ta, ta riƙa zuwa taya ta hira duk Alhamis bayan la'asar. Ni aka ba ni Gwaggo Dije. Ba ki san ta ba. Tana cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga garinsu tun tana amarya. Mijinta masunci ne, ya rasu. Ɗanta guda yana kudu, sai waya jefi-jefi. Daga ita sai kaji uku a gidan.

Kin san halina, ba na zuwa wuri hannu rabbana. Ranar farko na kai mata dambu a kwanon samira. Ta karɓa, ta sa albarka, muka yi hira har rana ta yi ja. Da zan tafi, ba ta ba ni kwanon ba. Mako na biyu na kai alala, na uku ɗanwake, na huɗu shinkafa. Kwano huɗu, ko ɗaya bai dawo ba, hirar kuma sai raguwa take yi. Allah Ya yafe mini, har na ce a raina ko tsohuwar nan kayan ɗaki take tarawa za ta sake aure.

Alhamis ta biyar na tarar da ƙyaure a rufe. Na yi sallama sau uku, ina jin tarinta a ciki, ba ta amsa ba. Ta shida ma haka. Raina ya ɓaci, na yi niyyar in ce a sauya mini wata. Abin da ya tsayar da ni ɗaya ne: in na janye ƙafa, babu mai sake taka ƙofar nan.

Maƙwabciyarta ce ta ja ni gefe. Ashe Gwaggo ta wanke kwanukan tas ta kife, tana jiran ta sami abin zubawa a ciki. Wai ta ce, "Tunda uwata ta haife ni ban taɓa mayar wa mutum kwano ba komai ba, ba kuma a kan yarinyar nan zan fara ba." Kwano na biyar take gudu, shi ya sa ta rufe ƙofa.

Inna, ni da na tashi ina ganin ko gyaɗa ce sai kin zuba kafin ki mayar da kwanon maƙwabta, wannan ya wuce mini. Na ji kunya ƙwarai.

Sai na sa maigida ya taho mini da ɗanyar tarwaɗa daga Tiga. Na tsaya a ƙofarta na ɗaga murya, na ce yau ba abinci na kawo ba, taimako nake nema, kifi zai lalace mini ban iya bandar kifi ba. Ƙyaure ya buɗe. Ko gaisuwa ba ta gama amsawa ba ta leƙa bokitin ta ce, "Subhanallahi, ko cikin ba ki fitar ba? Miƙo wuƙa, 'yar nan." Ta sa ni hura wuta, ta yi mini faɗa a kan hayaƙi, ta lanƙwasa kifin ɗaya bayan ɗaya tana soke shi da tsinke. Tana aiki tana ba ni labarin garinsu da ke ƙarƙashin ruwa, har inda rijiyarsu take.

Washegari na koma, ta jero mini kwanukana huɗu cike da kifina, tana ɗaga kai kamar ita ta kamo shi. Tun daga nan duk Alhamis da abin da ban iya ba nake zuwa. Rabinsa na iya, ban dai faɗa mata ba.

A hanyar gida ranar nan, ke na tuna. Shekarunki na ƙarshe a Bebeji mun hana ki komai. Ki ɗauki tsintsiya a karɓe, ki taɓa taɓarya a ce ki huta. Kina yawan cewa, "Kun ajiye ni kamar kayan jere." Mu kuma muna dariya.

Zuwana na ƙarshe kin ƙulle mini busasshiyar kuɓewa a leda, wadda kika yanka kika shanya da hannunki a ɓoye. Na ce ki bar abarki, ina da ita da yawa a gida. Na bar ƙullin a kan tabarma na fita neman mota. A tunanina sauƙi nake yi miki. Kwana tara bayan nan aka kira ni, aka ce kin rasu.

Ki yafe ni, Inna. Ranar ko cokali ɗaya ba ni da ita a gida.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.

'Yarki,
Rabi